Filin Shawara Tare da Gwaggo: Tsarabar Hanyar Jos Ta Ta da Ƙura a Birnin Zariya

Wasiƙu huɗu na ware a wannan makon, dukansu daga cikin ganuwar Zariya suka fito, dukansu kuma a bakin hanyar Jos rigimarsu ta samo asali. Ba abin mamaki ba ne. Zage-zagi da mutanen Filato sun daɗe suna cuɗanya. Tun daga 1914 ɗan siririn jirgin ƙasa ke jigilar mutane da kaya tsakanin Zariya da ramukan kuza na Bukuru, har aka rufe layin a 1957, kuma har gobe da wuya ka ratsa unguwa a birni ka rasa gidan da ke da ɗa ko 'ya ko suruki a kan tsaunin nan. Inda ake zirga-zirga dole a yada zango, inda aka yada zango dole a sayi tsaraba, inda kuwa tsaraba ta shiga gida, sai a shirya jin ƙorafi. Kamar kullum, na sakaya sunaye.

Ni dankali, ita zuma

Gwaggo, ina gaisuwa. Shekarata 17 a gidan mijina, 'ya'yanmu biyar. Bara ya ƙara aure, ban ta da hankalin kowa ba, da hannuna na raba goron. Watan jiya aka yi bikin ƙanwar amarya a Jos, ya ɗauke ta a motarsa suka tafi, daga can suka bi ayarin kai amarya zuwa Lafiya. Ban ce uffan ba. Sai babbar 'yata ta kawo mini waya ta ce, "Mama, duba." Ga su nan a Hawan Kibo, duwatsu a bayansu, hazo ya lulluɓe kwari, tana riƙe da gasasshiyar masara, shi kuma yana miƙa mata tsire yana dariya. Wallahi Gwaggo, rabon da in ga wannan dariyar tasa har na manta. Da suka dawo sai ya sa yara suka jibge mini rabin buhun dankalin Turawa da kabeji huɗu a ƙofar ɗaki, ya ce, "Ga na gida nan." Ita kuwa ta shige ɗakinta da kwalbar zuma da fiya da robar sitiroberi. Guda shida ta aiko wa yarana a faranti. Ni tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa wuce Kaduna ba, ita ma dubiya ce ta kai ni. Dankalin yana nan ban taɓa shi ba, har ya fara tsiro. Zuciyata na raya mini in haɗa kayana in tafi gidanmu, ko ya san darajata. Me kika gani?

Uwargida, Kwarbai

Ƙanwata, ajiye akwatin tukuna. Fita yaji ba wuya, dawowar ce aiki. In kin isa gida mahaifinki ya tambaye ki laifin da aka yi miki, me za ki ce? An ba ki dankali? Duk wanda ya ji zai ce kishi ne tsagwaronsa, ki wayi gari kina da gaskiya amma ke ake ba laifi.

Tafiyar kanta ba a zalunce ki a cikinta ba. Bikin ƙanwarta ne, ba ke za a ɗauka a bar ta ba. Malamanmu na Malikiyya ma sun bar wa miji zaɓin wadda zai tafi da ita a tafiya irin ta yau da kullum, sai a tafiya irin ta Hajji suka ce a jefa ƙuri'a. Duk da haka ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in zai yi tafiya ƙuri'a yake yi tsakanin matansa. Hikimar a fili take: kada wata ta ji an mai da ita mai gadin gida na dindindin. Shekara 17 ba a taɓa fita da ke ba, wannan kam abin magana ne.

Inda maigidanki ya yi tuntuɓe shi ne a gaban mai zumar nan. Da ya ce "ba ni biyu," da wannan wasiƙa ba ta zo hannuna ba. Dankali da kabeji cefane ne. Tukunya za su shiga, shi ya ci, amarya ta ci, yara su ci, ke kuma ki sha hayaƙi. Bai kawo miki komai da ya zama naki ke kaɗai ba. Amma ina kyautata masa zato. Maza da yawa in suka saba da uwargida sai su daina ganinta ita kaɗai, su riƙa ganinta haɗe da tukunya da yara da buhun hatsi. A ransa ma ƙila gani yake ya girmama ki, tunda ke ya damƙa wa kaya mai nauyi, ke ce mai rabo. Rashin lura ne, ba mugunta ba. Rashin lura kuwa magana ce ke gyara shi. Fushin da kike yi da dankali a lungun ɗaki, na rantse bai ma san kina yi ba.

Saboda haka ki fara da dankalin. Ki ƙwaƙule tsiron, ki yanke duk inda ya yi kore, wanda ya yi laushi ko koren ya game shi ki zubar, domin yana ɓata ciki. Sauran ki yi fate da shi ranar girkinki. In ya ci ya sha ruwa, yara sun kwanta, ki ce, "Alhaji, na ga hotunanku, wurin ya yi kyau. Ni ma ina so in ga irinsa, kuma tare da kai. Yaushe za ka kai ni?" Kada ki ambaci amarya, kada ki ambaci zuma, kada ki tono abin da ya faru shekarar da aka yaye wane. In kika haɗa buƙata da tuhuma, tuhumar zai amsa ya bar buƙatar. In ya ce "za a duba," ki yi murmushi ki nemi ya sa rana.

Ba sai an fara da Jos ba. Ga Kufena can yamma da birni, kusa da Wusasa. Tun kina yarinya kike hango shi, kina jin tarihin Zazzau a kansa, amma na tabbata ba ki taɓa zama a gindinsa kin sha iskar la'asar ba. Ku je wata Asabar ku biyu, ya tsaya a hanya ya sai miki rake da tsire da hannunsa. Wanda ya saba fita da ke nan kusa, nesa ba za ta yi masa wuya ba.

Sai gargaɗi biyu. 'Yarki kada ta zama mai leƙa miki wayar mutane. Yau ta kawo miki hoto, gobe ta tashi da ƙin matar ubanta, kuma ke za a ce kin koya mata. Ku kuma amare, ba kowane daɗi ake ɗorawa a WhatsApp ba. In kina gida ɗaya da wadda aka bari, ki tuna cewa ita ma tana da ido. Ke kuma uwargida, guda shidan nan da amarya ta aiko wa yara, ki karɓe su a matsayin alheri. Ta dai tuna da su, abin da uban nasu bai yi ba.

Ya gudu da kuɗin tsohuwa yana dariya

Gwaggo, an sa ranar aurena, saura wata uku. Makon da ya wuce muka je Jos gaishe da kakar mijin da zan aura, ni da shi da yayana da ƙanwarsa. A dawowa, bayan mun gangaro daga kan tudu, muka tsaya a Jingir inda mata ke jera kaya a bakin titi. Wata tsohuwa tana da kwandon dankali, ta ce dubu bakwai. Ya taya dubu uku. Suka yi ta ja har ta sallama a dubu biyar. Ita da kanta ta juye masa a but. Sai ya shiga mota, ya ta da inji, ya miƙa mata kuɗi a dunƙule ta taga, ya ja. Dubu huɗu ne. Na waiwaya na gan ta tana biyo mu da gudu tana ɗaga hannu, ɗankwalinta ya faɗi a titi. Shi kuwa dariya yake yi, wai "ai su ma haka suke cutar matafiya." Yayana yana waya bai lura ba. Ni tun ranar in na rufe ido ita nake gani. Mutum ne mai kyauta, bai taɓa zuwa zance hannu rabbana ba, ranar ma ya sai mini atile da zuma ba tare da ya taya ba. Ƙawata ta ce in daina neman aibu, naira dubu ɗaya ce kawai. Shin na cika tsanani ne?

Mai jiran rana, Ƙofar Gayan

'Yata, ba ki cika tsanani ba. Zuciyarki lafiya lau take, kada ki bari a lallashe ta ta yi barci.

Tayi ba laifi ba ne. Kasuwa ce, ta faɗi nata ya faɗi nasa, kuma duk mai saida kaya a bakin hanya ya san za a taya. Amma daga lokacin da ta ce "na sallama" ya ce "juye," ciniki ya faɗa, dubu biyar ta zama bashi a wuyansa. Abin da ya yi bayan nan ba wayon kasuwa ba ne, ƙwace ne. Hujjarsa ma ba ta tsaya ba. Gaskiya ne akwai masu jera manya a sama su cusa ƙanana da ruɓaɓɓu a ƙasan kwando, kuma sura guda Allah ya saukar a kan masu tauye mudu. Amma maganin wannan shi ne ka sa a juye a gabanka ka duba, in bai yi maka ba ka bar mata kayanta. Ba a karɓar bashin wani a hannun wani. Ko Musulma ce ko ba Musulma ba, haƙƙi haƙƙi ne.

Ki ce wa ƙawarki ta auna dubu ɗayan nan da ma'aunin tsohuwar. Ta sayo kayan ko ta noma, ta biya kuɗin ɗauko su, ta wuni a rana tana shaƙar hayaƙin tirela. Ƙila dubu ɗayan ita ce ribar kwandon gaba ɗaya. Abin da ya fi kuɗin tayar mini da hankali shi ne dariyar. Mace sa'ar kakarsa, wadda ya je gaisarwa da safe, tana gudu a titi ba ɗankwali, shi abin ya ba shi nishaɗi.

Kyautar da yake miki ba ta wanke shi ba. Yanzu nemanki yake yi, kowa kuwa ya iya kyautata wa wanda yake nema. Halin mutum yana fitowa ne a gaban wanda ba ya jin tsoronsa, ba ya neman komai a wurinsa, ba kuma zai sake ganinsa ba. Watarana ke ma za ki zama wadda ba ya tsoron rasawa.

Ban ce ki fasa aure a kan abu ɗaya ba. Samari kan yi wauta don burge budurwa, suna zaton wayo ne. Ki gwada shi. In ya zo zance ki ce masa, ba da faɗa ba, "Abin da ya faru a Jingir ya tsaya mini a rai. Ina so a mayar wa matar nan kuɗinta." Ba abu ne mai wuya ba. Direbobin da ke bin hanyar kullum sun san masu tallar wurin, in an kwatanta musu inda take zama za su kai. In an nema da gaske ba a same ta ba, malamai sun ce a yi sadaka da kuɗin da niyyar ladan ya je gare ta. Sai ki zuba ido ki ga yadda zai karɓi maganar. In ya sunkuyar da kai ya ji kunya, alhamdu lillahi, kin sami mijin da ke jin gyara, wannan kuwa ya fi lefe. In ya yi miki tsawa, ko ya mai da abin wasa, ko ya ce kina fifita wata 'yar ƙauye a kansa, to ki faɗa wa yayanki da mahaifinki duk abin da kika gani. Su sake bincike, kuma ba a wurin abokansa da limamin unguwa kaɗai ba. Su tambayi telansa, da mai shagon da yake cin bashi, da yaran da ke yi masa aiki. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma ɗaga ranar aure ya fi zaman kotu sauƙi.

Tsaraba ta hana ni zuwa gida

Gwaggo, ni ɗan bautar ƙasa ne a jihar Filato. Gidanmu babban gida ne, sassa tara, ban da maƙwabta. Zuwana na farko na cika but da dankali da karas da kabeji da zuma, kowa ya sa mini albarka. Tun daga nan abin ya zama farilla. Kafin in taso ake bugo waya: wannan acca, wancan zuma, wata gwaggona har da cewa kada in manta da man atile. Duk zuwa sai na kashe kusan rabin alawus ɗina a bakin hanya, in koma ina cin bashi. Zuwan ƙarshe da daddare na shigo kamar ɓarawo, na fita da asuba. Sallar da ta wuce ƙarya na yi na ce ba a ba mu hutu ba. Mahaifiyata ta yi kuka a waya. Yaya zan yi?

Ɗanki, Babban Dodo

Ɗana, ka ga inda abin ya kai ka: ka hana mahaifiyarka ganin fuskarka don kada gwaggonka ta rasa man atile. Wanne ya fi nauyi a ma'auni?

Kai ka ɗora wa kanka wannan kaya ranar da ka cika but, kai ne kuma za ka sauke shi. Naira 77,000 da gwamnatin tarayya ke ba ku tun 2025 ba albashin attajiri ba ne, balle tunda aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya ninka. Kakanninmu fatake da suke wata da watanni a hanyar Gwanja, in sun dawo ba kowa suke ba huhun goro ba. Ƙwaya ɗaya ake ɓarawa a miƙa wa mutum biyu, kowa ya yi godiya, domin an nuna masa an tuna da shi.

Ka yanke wa kanka abin da ba za ka wuce ba, misali kashi ɗaya cikin goma na alawus, kuma ba kowane zuwa ba. Wanda ya bugo da saƙo ka ce masa cikin ladabi, "To Gwaggo, a turo kuɗin in sayo, ɗaukowar ita ce tawa gudummawar." Za ka ga saƙonni sun ragu da kansu.

Sannan ka koyi saye. Ciniki ta tagar mota, direba na danna ham, fasinjoji na gunaguni, shi ne ciniki mafi tsada. In kana da sarari ka shiga kasuwar Farin Gada a Jos da sassafe, inda ake sauke kayan lambu, ka saya a natse. In a hanya za ka saya, ka sauka daga mota, ka sa a juye kwandon cikin buhu a gabanka. Ka ɗauko abin da babu shi a gida ko ya fi araha a can: dankalin Bokkos da Mangu, da acca, da atile. Mudu biyu na acca ba nauyi, ba ta lalacewa da wuri, tsofaffi kuma suna sonta. Atile ɗan kaɗan ke isar yaran gida duka. A jiƙa shi a ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, har ya yi laushi. Sitiroberi kuwa ka bar wa masu mota mai sanyi, domin kafin ka wuce Saminaka da Pambeguwa da Dutsen Wai ka iso Soba zafi ya narkar da shi. Zuma sai a hannun wanda ka sani ko mai saƙarta a ciki, saboda akwai masu dafa sukari su ɗura a kwalba, kuma ka faɗa a gida kada a lasa wa jaririn da bai shekara ba. Kada ka wahalar da kanka da masarar Saminaka ko rake. Wa ke kai wa Bazazzagi rake, ga Maƙarfi a bayan gida?

In ka iso, kada ka bi sassa kana rabo. Ka ajiye komai a gaban mahaifiyarka. Ita ta san wanda za a kai wa dankali biyar, da wanda za a kai wa uku, da wanda gaisuwa ta ishe shi, kuma abin da ya fito daga hannunta ba mai raina shi. Ka shigo da rana tsaka, ka bi ɗaki ɗaki ka durƙusa ka gaida kowa. Wanda ya ce "ina tsarabarmu?" ka ce "na kawo kaina lafiya." Za a yi tsegumi zuwa ɗaya ko biyu, daga nan a saba. Amma kafin komai, ka kira mahaifiyarka yau ka faɗa mata gaskiyar abin da ya hana ka zuwa Sallah. Ina mai tabbatar maka ita za ta fara tare maka masu saƙo.

Inna ba ta ci, ba ta sha a hanya

Gwaggo, mahaifiyarmu ta haura 70, tana da ciwon suga. Ƙanena da ke Jos an yi masa haihuwa, ta ce sai ta je suna. Matsalar ita ce in za ta yi tafiya tun daren jiya take daina shan ruwa don kada fitsari ya kama ta, kuma ba ta cin komai na bakin hanya, wai ba ta san hannun da ya dafa ba. Wancan karon da jiri aka sauke ta. Ga shi tun harin da aka kai wa 'yan bikin Basawa a Filato take cewa kada a tsaya ko'ina. Mu hana ta zuwa ne?

'Yarta, Limancin Kona

'Yata, kada ku hana ta ganin jikanta. Ku gyara tafiyar.

Mai ciwon suga da ta sha magani ta ƙi cin abinci, suganta na iya faɗuwa, kuma jirin nan da kika gani gargaɗi ne. Ƙin shan ruwa ma na jawo wa tsofaffi ciwon mara da galabaita. Kafin ranar ku kai ta wurin likitanta ya tsara mata yadda za ta sha magani a hanya. Ta karya kumallo kafin a tashi. Ku riƙe mata abincin gida a kula, da ruwanta a gora, da 'yan dabino ko alewa saboda ko suga ya faɗi.

Ƙyanƙyaminta ba duka ne kuskure ba. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 3,000, kuma ta ruwa da abinci take shiga. Ku guji zoɓo da kunun da aka ɗura a tsofaffin robobi, da kankana ko abarba da aka yanka aka bari a buɗe, da ɗanyen ganye. Amma abin da aka tsamo daga wuta a gabanki, kamar ƙosai da waina da gasasshiyar masara, ko abin da ke cikin ɓawonsa, kamar ayaba da lemo da dafaffen ƙwai, ba shi da wannan haɗari in an wanke hannu da sabulu. In nama ne ke sa ta shakka, a tambayi wanda ya yanka. In ranta bai kwanta ba, a bar shi. In kuma kun isa aka kawo mata gwate yana tururi, ta ɗanɗana. Ɗan'uwan faten tsakinmu ne, da ganye da yakuwa, Bazazzagiya kuwa ba ta baƙunta a gaban fate.

Maganar fitsari, wadda ita ce ainihin damuwarta ko da ba ta faɗa ba, a warware ta tun a gida. In da hali ku ɗauki shatar mota ko ku tafi da ta gida, ku shirya da direba cewa za a tsaya a Saminaka, a babban masallaci ko gidan mai da ke da banɗaki. Ku riƙe butarku da sabulu, mace ɗaya ta raka ta. Ku tuna mata cewa tafiyar ta haura kilomita 200, ta wuce nisan da shari'a ta yarda a yi ƙasaru nesa ba kusa ba, kuma tana iya haɗa Azahar da La'asar. Ku sa mata rigar sanyi da safa a jakar hannu, ba a but ba. Jos tana kan tudun da ya kai wajen mita 1,200, sanyinta ba irin na Zariya ba ne, kuma tun daga hawan ake fara jin sa.

Tsoronta ma yana da tushe. Abin da ya faru a watan Yunin 2025, da aka far wa 'yan biki daga Basawa a ƙaramar hukumar Mangu bayan sun ɓace hanya, aka kashe fiye da mutum goma, bai bar zukatan mutanen Zariya ba. Allah ya jiƙansu. Amma darasin ba shi ne a ƙi tsayawa sam ba. A tashi da sassafe a isa da rana. A tafi da direban da ya san hanyar, ba mai tambaya ba. A kira 'yan'uwa na can a ji labarin gari kafin a taso. A tsaya inda motocin haya suka saba tsayawa, cikin jama'a, ba a kan kwana ko gangara ba, inda birkin manyan motoci kan tsinke. Ku kuma tuna mata cewa ƙauyukan Bokkos da Mangu da Riyom su ma sun binne nasu ba sau ɗaya ba, kuma matar da ke miƙo mata ayaba ta taga abincin 'ya'yanta take nema. Ta gaishe ta, ta saya in tana so, a biya ta cif.

Allah ya raya jaririn, ya kai Inna lafiya ya dawo da ita lafiya. Mai tambaya a kan surukar da ke buɗe mata tukunya, da mai tambaya a kan kuɗin adashen da uwar adashe ta riƙe, wasiƙunku sun iso, ku saurare ni mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Taku,
Gwaggo